Huda a Tsakiyar Teburin Ngo Edna

Duk wanda ya shiga gidan Ngo Edna a garin Bowie na Amurka yakan yaba farin leshin da ke shimfiɗe a teburin cin abinci. Ba kowa ke lura cewa kwanon lemon da ke tsakiyarsa ba ya matsawa ba. Ko ranar Kirsimeti, da tebur ke cika da masa da farfesu, yana nan daram. Huda yake rufewa, mai faɗin tafin hannu.

Ita ta saƙa leshin da kwarashi, tun tana sabuwar nas a wani asibitin mishan kusa da Jos. Wata Baturiya da suke aiki tare, Sista Abby, ana aiko mata wata mujalla daga Amurka mai nuna zaman mutanen ƙarni na sha tara: riguna masu dogon wuya, butar shayi ta tangaran, labule mai baki. Sauran 'yan mata hotuna suke kallo su ajiye. Edna kuwa shafin saƙa take buɗewa. Kashi-kashi aka riƙa kawo zanen leshin a mujallar, furen tsakiya ne na ƙarshe, kuma kafin ya iso Sista Abby ta koma gida.

Sau da yawa ta gwada cike gurbin da kanta, kullum sai ya tattare kamar bakin jaka, ta warware. Haka ta taho da shi Amurka. Ta yi shekaru tana jinyar tsofaffi, ta sayi gida, ta goyi 'yarta Chundung har ta zama injiniya.

Da aka sa ranar auren Chundung, abin ya tsaya mata a rai. A wurinsu uwa ba ta rako 'ya hannu wofi, kuma ba tukwanen kanti take so ta miƙa a gaban matan zumunta ba. Aikin hannunta take so, amma ba mai huda ba. Ga yatsu sun fara ƙagewa.

Wata Asabar ƙawarta Constance ta ja ta garin Wheaton sayen daddawa da busasshen kifi, suka biya shagon gwanjo. A ƙarƙashin wani tebur Ngo Edna ta hango kwali, da bangon mujallar nan da ta sani a cikinsa. Ta durƙusa, ba ruwanta da gwiwa.

"Ngo, lafiya? Zinariya kika gani?"

"Riƙe min jakar nan, ki yi shiru."

"A kan tsofaffin takardun Turawa? Ku tsaya, jama'a, Sarauniyar Ingila ta samo kayan gadonta!"

Ngo Edna ta zaro mujallar. Tana ta buɗa shafuka har ta kai ga furen. Ganye takwas ne. Ita shida take yi duk shekarun nan, shi ya sa yake tattarewa.

Ta saye ta ta kai gida, sai dai rubutun ƙanana ne, ko da tabarau ba ta gani. Dole ta kira Chundung, wadda ta daɗe tana cewa gidansu kamar gidan tarihi. Ta zo ta zauna tana karantawa da Turanci, uwar tana ƙirga maɗauri da Hausa. Haka suka yi ta yi duk yammacin Lahadi bayan coci, ana kuskure ana warwarewa, har furen ya zauna lafiya lau.

"Mama, saura abu ɗaya," in ji Chundung da Hausarta mai ɗingishi. "Sun ce a jiƙa shi da ruwan sukari don ya tsaya."

Ngo Edna ta yi dariya har da hawaye. "Tsallake wannan. Na taɓa bin maganarsu a Jos. Da gari ya waye, kiyashi sun mai da farin leshi baƙi ƙirin! Mai rubutun nan bai san ƙasarmu ba."

"To da me kika yi?"

"Wurin masu wankin hula na je na tsaya ina kallo. Ƙaro suke jiƙawa. Taɓa nan ki ji. Tun kafin a haife ki, ya taɓa lanƙwashewa?"

Ta ɗauko 'yar kwalbar ƙaron da ake aiko mata daga gida, ta nuna mata yadda ake jiƙa shi a tace, da yadda ake miƙe leshin a kan tawul. Chundung ta daɗe tana shafa bakinsa.

"Mama, wa za ki ba?"

"Wadda ta ce gidana gidan tarihi ne, me za ta yi da shi?"

"Haba, Mama! Ni na karanta miki fa. Rabin furen nan nawa ne."

Ngo Edna ta kau da kai don kada a ga fuskarta. "Sai ki koyi wankinsa. In na ji kin jefa shi a inji, zan zo har gidan mijinki in ɗauke abina."

Da leshin ya bushe, ta ninke shi tare da mujallar da kwalbar ƙaro, ta sa a akwatin amarya. Sannan ta kai kwanon lemo kicin, ta juye, ta wanke shi, ta kife.