Rantsuwar da na sa Habu ya yi

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina Habu, amma har yau ina ganin ranar da na fara lura da shi a shagon ɗinkinsa na Kazaure, hannunsa yana rawa a kan kofin shayi. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya, sai na ɗauka kwarjinina ne ya kama shi.

Sai bayan aure na gane giya ce. A zaman Legas ya koyo ta, a ɓoye yake sha. A littattafaina kuwa, kalma ɗaya daga masoyiya takan shiryar da namiji. Ana jibi azumi na ɗauko Alƙur'ani, na ce ya rantse ya bari daga ranar, ko in koma gidanmu Roni. Ya roƙe ni in bar shi ya rage sannu a hankali. Na ƙi. Ya yi alwala, ya dafa.

Kwana biyu da rantsuwar, jikinsa ya ɗauki kyarma, yana zufa, yana ganin abin da ba ma gani. Mahaifiyarsa Inna ta ce iska ce, aka kira mai ruƙiyya. Na san gaskiya, amma kunyar a ce mijina mashayi ne ta ɗinke mini baki. Ranar uku ga azumi ya faɗi yana fizge-fizge. Kafin a isa asibiti ya cika.

Ƙanwata, wadda ta karanci aikin jinya daga baya, ita ta warware mini. Ta ce a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya akwai jijiyoyin da aikinsu ja wa jiki linzami. Giya tana ƙara ɗaure linzamin, shi ya sa mashayi yake tangaɗi. In an daɗe ana shan ta, sai jiki ya sassauta nasa linzamin. In aka yanke ta rana ɗaya, babu sauran mai riƙewa. Irinsa, in ji ta, a gaban likita ake raba su da ita. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yau ko a waya mutum zai tambaya ba tare da an ga fuskarsa ba. Da Habu yana nan, ko zai ce na cece shi? Ko zai tuna mini ya roƙe ni?

Inna tana Gwiwa yanzu, idonta ya tafi. Da na je gaishe ta bara, ta lalubo hannuna ta ce, "'Yata, ke kaɗai kika tsaya masa da aljanun nan suka taso. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin.