Baƙin Allon da Malam Ya Ɓoye Mini

Da ban ɗauki tsumman nan ba a safiyar nan, da Malam, maigidana, ya ga likita a kan lokaci? Shekara huɗu ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya, ban samu amsa ba. Ɗiyata, wadda take rubuta abin da nake faɗa, ta ce in bari, rai na Allah ne. Na sani. Amma makon nan ba zai fita daga raina ba har a sa ni a ƙasa.

Ni ban yi boko ba, Innata ma haka. Da aure ya kawo ni Duwala ta Kamaru, kaset muke aika wa juna ta hannun direbobin manyan motoci. Sai ta zauna a Katsina ta yi ta magana, gaisuwa, faɗa, wa ya haihu, wa ya mutu, har kukan awakinta ana ji. Da ta rasu, muryar nan kaɗai ta rage mini. Sai dai danshin unguwarmu ta New Bell ba ya barin komai, kaset ɗin suka fara fumfuna suna maƙalewa.

Maigidana ya daɗe yana aiki a ofishin masu fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Da ya ajiye aiki, suka ba shi tsohuwar kwamfutar ofis, ƙatuwa, mai gurnani kamar firji. Ya juye muryar Inna a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mini ma'ajiya biyu ce da ita, in ɗaya ta mutu ɗayar tana nan. Kaset ɗin kuwa suka ƙarasa lalacewa muka zubar.

Kullum aka kunna ta, sai allon ya yi baƙi, farin rubutu ya fito, ta ɗan tsaya.

"Me take cewa?" na taɓa tambayarsa.

"Mai gadin ma'ajiya ne, Hajiya. Yana tambaya ko akwai mai son shiga ya sake tsari. In an yi masa shiru sai ya wuce."

Safiyar da nake faɗa, Malam zai je asibiti ne, ƙafafunsa sun kumbura, numfashinsa ya yi gajere. Ya kunna mini kwamfutar don Inna ta ɗebe mini kewa kafin ya dawo, ya shiga ɗaki ɗauko hula. Na ga tururuwa tana bin maɓallan. Ni kuwa ba na iya ganin abu irin wannan in ƙyale. Na sa tsumma na danna, na goge. Allon ya canza, wasu akwatuna suka fito. Ban san komai ba, na ci gaba da gogewa.

"Hajiya! Cire hannunki!"

Ya fizge mini hannu har awarwarona ya faɗi. Yana ta "non, non, non" da Faransanci, abin da ba ya yi sai ransa ya ɓaci ƙwarai. Har mai ƙosai ta ƙofar gida ta leƙo.

"Saura maɓalli ɗaya," in ji shi, "ki share muryar Inna baki ɗaya."

Na ce, "Shekara arba'in ina goge gidan nan, yau tsummana ya zama laifi?"

Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Na shige kicin na ɗaure fuska. Na ji fitarsa, na ɗauka asibiti ya nufa. Ashe babur ya hau har unguwar Logbaba, wajen wani tsohon abokin aikinsa da ya san kan na'urorin nan. Ruwa ya dake shi a hanya. Ya dawo bayan la'asar a jiƙe, da wata takardar bayanin gyara a cikin leda.

Kwana biyu yana gaban kwamfutar, tabarau a hanci, ya kashe, ya kunna, ya duba takarda, ya yi tari. Ina ajiye masa tuwo in juya. Ina ganin ƙafafun nan sun cika takalmi, amma ban buɗe baki na ce "Malam, likita fa?" ba. Fushi nake yi. Wannan ne abin da yake cina.

Rana ta uku da hantsi ya kira ni.

"Zo ki kunna, sarauniyar tsumma."

Na ƙi yin dariya. Na danna. Ba baƙin allo, ba rubutu. Ta wuce abinta, sai ga hoton Inna.

"Ina mai gadin naka?"

"Yana nan yana aikinsa. Na dai shiga saitin na hana shi fitowa, na kulle ƙofar da kika faɗa ciki. Tunda ba za ki iya karanta tambayarsa ba, me zai sa ya yi miki ita?"

Sannan ya miƙe da ƙyar ya ce to, yanzu a kai shi asibiti. Suka ba shi gado. Bai dawo gida da ƙafarsa ba.

Likita ya gaya wa ɗiyata wai zuciyar ta daɗe da gajiya, kwana uku ba su ne suka canza komai ba. Ko gaskiya ce, ko lallashi ne, Allah masani. Abin da na gane daga baya shi ne, Malam ya riga ya san ba zai daɗe ba, kuma ba wanda zai fizge mini hannu a bayansa. Ni tsawar na riƙe, ban kalli abin da yake yi ba. Wanda duk yake fushi da nasa, ya dai riƙa duban ƙafafunsa, ya yi tambayar da ta kamata, fushin ya biyo baya.

Yanzu kowace safiya ina kunnawa, Inna ta yi ta faɗanta, awaki suna kuka. Muryarsa ce ban da ita, ba wanda ya yi tunanin ɗauka. Sai abin da ya faɗa mini ranar ƙarshe, bayan azahar, da na sa gefen mayafina ina share masa gumi, na ce ya yafe mini. Ya buɗe ido ya kalli mayafin, ya yi ɗan murmushi.

"Ki goge abinki, Hajiya. Ba mai yi miki tsawa kuma."