Bindigar da Ta Ƙi Hannun Baba

Cikin duk wahalar da na sha a rayuwa, ta bindigar da na saya wa mahaifina ba za ta taɓa fita raina ba. Hutun aikina na shekara ɗungum ta cinye, ta bar ni da ciwon baya da har yanzu yake gaishe ni in sanyi ya shigo.

Baba maharbi ne, gadonsa ne tun kakanni, a wani ƙauye kusa da Bangi. Tsohuwar bindigarsa mai cin harsashi ɗaya ta fashe a baki, ya zauna gida kamar marar lafiya. Sai na daure, na bi ofis-ofis har takardar izini ta fito, na kawo masa sabuwa fil, irin wadda in ka harba take tofar da kwanso ta ɗura wani da kanta. A zuciyata na gama biyan tsoho. Ashe aiki na saya.

Fitarsa ta farko ya dawo ya jingine ta a zaure. Ya ce, "Bindigakka halbi guda taka yi ta sarƙe. Kwanso ya tsaya mata ga baki, ba ya ciki ba ya waje."

Na ɗaure ta a moto, wato babur, sai Madawa, wurin wani tsohon soja da ke gyaran bindigogin maharba. Ya warware ta, ya nuna mini maiƙon kamfani da ya daskare a ciki, muka wanke da man gazuwal, ya ɗiga mai kaɗan. Muka fita bayan gari ya gwada. Ta yi aiki sumul, kwanso na tashi ɗaya bayan ɗaya. Na koma gida ina ta washe baki.

Washegari Baba ya dawo daga daji, ko kallona bai yi ba. Ta sarƙe.

Na sake komawa. Wannan karon sojan ya ce harsashin ne ba shi da ƙarfi, sabuwar bindiga sifirin ɗin da ke cikinta da tauri, sai harsashi mai nauyi zai iya tura ƙarfen baya. Na nemo mai nauyi. A Madawa ta yi, a hannun Baba ta ƙi. Haka na yi ta safa da marwa a kan hanyar nan mai ramuka, har masu shayin tasha suka daina tambayata ina za ni. Na gaji gajiyar da ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

A zuwa na ƙarshe sojan ya ajiye ta a kan tabarma, ya ce, "Ɗana, bindigag ga lahiya lau take. Irinta sai an danne ta da ƙarhi ga kahwaɗa. In kahwaɗa ta yi laushi, ba ta ɗurawa. Tsohonka shekarunai nawa?"

Da na bar maganar nan a Madawa da ya fi. Amma gajiya ta sa na kai ta gida yadda aka faɗa mini, har da nuna masa yadda ake riƙewa, mutumin da ya fara harbi tun ba a haife ni ba. Bai yi faɗa ba. Ya shafa kafaɗarsa kawai, ya ce, "To. Kowa da ranatai."

Daga nan ya daina fita. Maharban da ke biyo masa da safe suka riƙa wucewa ba tare da shi ba, magana ta zaga gari cewa bindiga ta ƙi tsoho, hannunsa ya ƙare. Inna ta same ni a bakin rumbu ta ce, "Kai kak kawo ta, kai ka hidda muna ita. Mutum ya bar cin tuwo." Abin ya dame ni ƙwarai, don na ga kyautata ce take kwantar da shi.

Hutuna na gab da ƙarewa na roƙe shi mu fita tare, sau ɗaya. Ya ƙi, don bai taɓa shiga daji da wanda ba maharbi ba, ko da ɗansa ne. Na nace har ya gaji da ni.

Muna wuce gonakin ƙarshe ya tsaya gindin wata aduwa, ya juya mini baya. Ya zaro wani kambu na fata daga aljihu, baƙi ƙirin don tsufa, da layu a jikinsa, ya ɗaure shi tam a ƙugun bindigar yana motsa baki. Ban taɓa ganin kambun nan ba. A al'adarsu a bakin daji ake ɗaurawa, a nan kuma ake kwancewa, ba ya shiga gari a jikin bindiga, balle ya je hannun wani a Madawa.

Na matso na duba. Kambun ya zauna daidai bayan ɗan kunnen ƙarfen da ke ja baya in an harba. Na ja kunnen da hannu, ya tafi rabi ya daki fata ya tsaya. Sai na zauna a ƙasa. Ko dariya ban iya ba.

Na ce, "Baba, kwance shi ka halba mu gani."

Ya sa hannu ya kwance shi. Ya saita wani kututture ya harba, ya sake, ya sake. Kwanso na faɗuwa gefe, kafaɗarsa ko gezau. Ya sauke bindigar a hankali ya ce, "Ashe ba ni na ba."

Na ce a matsar da kambun gaba kaɗan, shi ke nan an huta. Ya girgiza kai. "Nan ubana ya ɗaura ma tashi bindigar, nan ni ka ɗaurawa." Ya mayar da shi inda yake, ya harba, ta sarƙe, ya sa yatsa ya fizge kwanson, ya ja kunnen ya ɗura wani da hannu. Ya ce in koma gida, ina kore masa zabi.

Har ya bar duniya haka ya riƙe ta, bindiga mai ɗura kanta tana harbi ɗaya-ɗaya. Da yamman nan ya shigo da zabin daji biyu, ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari.

Ni kuwa na koma aiki a gajiye, da abu guda da na koya. Kafin ka ce ƙarfin mutum ya ƙare, tashi ka bi shi ka ga yadda yake aikinsa. Na wanke ƙarfe, na sauya harsashi, na saurari gwani, amma na kusa kwantar da ubana tun ranarsa ba ta zo ba, don ban je na tsaya kusa da shi ba.