Ranar da Abdulrashid Ya Buɗe Sirrinsa a Ƙofar Dagaci

Sunansa Abdulrashid Uwaisu Zakirai. Na san shi a daminar 2017, shekarar da na kammala ajin yaƙi da jahilci aka sanya ni cikin kwamitin asibitin ƙungiyar manomanmu.

Shi ke kula da na'urar asibitin, wata baƙar kwamfuta mai tsayin firji, wadda ta fi ta tebur ƙarfi amma ba ta kai irin ta manyan bankuna ba. A cikinta ake ajiye bayanan marasa lafiya. Ya bayyana mini cewa kafin sakamakon gwajin mutum ya shiga fayil, sai na'urar ta hautsina shi, babu mai karantawa sai da mabuɗi, wato wasu haruffa na sirri. Rabin mabuɗin yana wurinsa, rabi kuwa kwamiti ya damƙa mini, na haddace shi yadda ake haddar karatu.

A 2021 aka sace jakar direban asibiti a tasha, da kaset ɗin da ake kwafe bayanan a kai Kano don ajiya. Kafin kasuwa ta sake ci, an baza cewa cutar kowa na hannun ɓarayi. Magidanta suka hana iyalinsu zuwa awon ciki, bencin jiran awo ya zama wayam, alhali akwai masu tsohon ciki da ungozoma ke tsoron a bar su a gida.

Abdulrashid ya roƙi dagaci ya tara maza bayan sallar Juma'a. Ya zo da ƙaramar kwamfuta da ya haɗa da ta asibiti, ya nuna wani shafi cike da alamomi.

"Abin da ɓarawo ya samu ke nan. Bismilla, a karanta."

Malam Sabo mahauci ya leƙa ya ce, "Wannan ai sawun kaji ne a kan shanyar gero!" Aka yi dariya. Amma Alhaji Iliyasu, wanda surukarsa ke da ciki, bai yi ba.

"Yaro, wa ya sani ko zane ka yi mana? Ina shaidar cewa akwai magana a ƙarƙashinsa?"

 Abdulrashid ba shi da ikon buɗe fayil ɗin kowa. Sai ya juyo gare ni.

"Baba, sanya naka rabin."

Na sanya, ya sanya nasa. Alamomin suka koma rubutu, ya ce in karanta da ƙarfi. Sunansa na gani a sama, na dube shi, ya ɗaga mini kai. Na karanta: farfaɗiya, yana shan magani tun yana saurayi. A garinmu mai wannan lalura ba a son cin abinci kwano ɗaya da shi, kuma a lokacin yana neman aure.

"Nawa ma yana cikin kaset ɗin," in ji shi. "Da ban buɗe ba, wa zai sani?"

Alhaji Iliyasu ya miƙe ya kama hannunsa, ya daɗe bai saki ba. Ranar awo ta gaba sai da aka aro tabarmi daga masallaci.

Gidan da Abdulrashid ya fara neman aure sun janye. Daga baya ya auri Aina'u, jikar Alhaji Iliyasu, ni ne waliyyinsa. Da aka ɗauke shi aiki a Kano, ya miƙa nasa rabin mabuɗin ga magajinsa a gabana, ya zo har gonata ya yi mini sallama.

Rabona da shi ke nan, ranar 9 ga Maris, 2024.