Kawuna a Bayan Labulen Anti

Shekaranjiya na buɗe tsohon akwatin Umma ina neman zanen gado, sai ƙamshin kafur ya daki hancina. Na daɗe tsaye riƙe da murfin. Ni ƙamshin nan ba tufafi yake tuna mini ba. Wata mata yake tuna mini, wadda ta rasa muhallinta a birnin Guangzhou na ƙasar China saboda kawuna, kuma har yau bai ce mata ko sannu ba.

Ina 'yar firamare Baba ya kwashe mu zuwa can. Takalma yake saye a kasuwar Zhanxi Lu yana turawa Kano, ya kama mana gida can sama a wani dogon bene kusa da tashar jirgin ƙasa. Idan zafi ya shigo, garin ba ya zaunuwa: iska mai ɗanko, bango yana gumi, wanki ya kwana a igiya bai bushe ba. Umma ba ta jin Sinanci, ba ta kuma son fita, ni kuwa gidan ya yi mini ƙunci. Ƙofar da ke kallon tamu ta wasu mutanen kudancin Indiya ce, 'yan ƙabilar Tamil. Mijin harkar kayan lantarki yake yi, ba a cika ganinsa ba. Matar, wadda nake kira Anti, ba ta haihu ba, sai ta ja ni a jiki. Da guntun Turanci da nunin hannu muke hira, kuma muna fahimtar juna sarai.

A ɗakinta na fara ganin finafinan da ba irin na Indiyan da muka saba ba. Babu saurayi da budurwa suna tsalle a kan dutse. Nasu na ibada ne, kuma labarin kusan kullum ɗaya. Wata marainiya ce mai yawan bauta, dangi na son cinye mata gado, sun ɗauko matsafi mai jajayen idanu. Za ta yi ta kuka a gaban abar bautarsu, wadda aka shafe da kurkur, aka rataya mata sarƙar lemon tsami, ga ganyen darbejiya ko'ina. Sai wuƙa ta kusa wuya sannan abar bautar ta bayyana, wani lokaci a siffar ƙaramar yarinya, wani lokaci tsohuwa, wani lokaci gamsheƙa. A ƙarshe ta rikiɗe ta cika talabijin da hannaye barkatai da mashi mai baki uku, ta gama da matsafin.

Ni dai dariya abin yake ba ni. Macijin na roba ne ƙiri-ƙiri, wutar da ke fita daga idanu kuwa ko yaro ya san zanawa aka yi. Ban taɓa yarda da ko ɗaya ba, Anti ma ba ta taɓa neman in yarda ba. Idan lokacin salla ya yi, ita ke nuna mini agogo ta kora ni gida. Amma ita, da an zo wurin ceton, sai ta haɗa tafin hannu, hawaye na bin kumatunta, ko da ta kalli faifan sau ba adadi. Sai in haɗiye dariyata in ci gaba da cin gyaɗar da ta soya mini.

Ana haka Kawu ya zo, ƙanen Umma, ya sauka a falonmu. Ka san irin mutanen nan da ba sa jan carbi sai sun tabbatar ana kallo? To, shi ne. Mutumin da ya haddace waƙoƙin finafinan Indiya tun yana saurayi, yana rera su a banɗaki har maƙwabta na ji, shi ne ranar da ya leƙa ya gan ni a gaban talabijin ɗin Anti ya fizgo ni ta kunne. Ya tofar da yawu a bakin ƙofarta, tana tsaye tana kallonsa.

"Yaya, kin saki yarinya a gidan gumaka?" ya ce wa Umma. "Ni ko inuwar ƙofar nan ba na son ta taɓa ni."

Anti ta ɗebo ruwa ta wanke bakin ƙofarta. Umma ta hana ni zuwa na ɗan lokaci, daga baya ta riƙa ɗauke kai idan ya fita kasuwa.

Shekarar wasannin Olamfik gari ya canza mana. A Beijing ake wasan, amma mu a Guangzhou muka ji a jikinmu. Sabunta biza ya zama aiki, 'yan sanda suna bin gidajen baƙi suna duba fasfo, mutanenmu da yawa suka tattara suka koma gida. Takardunmu lafiya suke. Na Kawu kuwa sun mutu tun tuni. Baba ya yi ta ce masa ya tafi tun da girma, shi kuwa sai ya dafa aljihu ya ce malaminsa ya ba shi layar zana, ko sun zo ba za su gan shi ba.

Wata rana da azahar ana tafka ruwa, ina ɗakin Anti, ta bar ƙofa a buɗe don iska. Sai muka ji gudu a matattakala. Kawu ne, jiƙe sharkaf, 'yan sanda suna ƙasa suna hawowa hawa-hawa. Ya san ƙofarmu za su fara bugawa. Bai tsaya gwada layar ba. Ya faɗo ɗakin Anti da takalmansa, ba sallama, ya zube a ƙasa yana haɗa hannu yana "Madam, madam."

Ta dube shi na ɗan lokaci. Sannan ta yaye labulen lungun da take ajiye hotunan abar bautarta da 'yar fitilarta, ta tura shi ciki ta saki labulen. Ta kunna kafur a faranti, ta ƙara sautin fim ɗin, daidai inda marainiyar ke kururuwa. Daga inda nake zaune ina hango bakin takalmansa a ƙarƙashin labulen.

'Yan sandan suka duba takardun Umma da nawa a gidanmu, sannan suka tsallako. Anti ta tare su a ƙofa da farantin wuta a hannu, hayaƙi ya cika ɗakin. Suka tambaye ta ko ta ga wani baƙar fata ya shigo.

"Meyo," ta ce da Sinanci. Babu.

Suka leƙa, suka yi tari, suka wuce sama. Sai da sawunsu ya ɓace sannan ta rufe ƙofa da sauri ta sa sakata.

Da yamma, Kawu yana haɗa jakarsa zai gudu wurin abokansa, Baba ya ce masa, "Ka tsallaka ka yi wa matar nan godiya."

"Godiyar me?" in ji shi. "Allah ne ya tsare bawansa. Ni da na fito daga wurin nan sai da na yi wanka."

Ya tafi, daga baya ya samu hanya ya koma Kano. Amma mai gadin benen ya ga shigarsa ɗakin Anti, ya kuma faɗa wa mai gidan haya. Mai gidan haya ya zo ya ce wa mijin Anti ba ya son fitina, su tashi kafin ƙarshen wata. Muna jin faɗan da mijin ya yi mata ta bango. Baba ya je ya ba da haƙuri, kansa a ƙasa, ya taya su sauke kaya. Anti har ta tafi tana cewa abar bautarta ce ta rufe wa 'yan sanda ido. Kawu ya ce layarsa ce. Ni dai abin da na gani da idona, mace ce ta ji tsoro ta kuma tsaya a bakin ƙofa. Na yi kuka sosai ranar da motarsu ta tashi, ban kuma sake jin labarinta ba.

Yanzu irin finafinan nan an fassara su da Hausa, jikokin Kawu na kallonsu a waya a tsakar gidansa, ba wanda ya ja wa kunne. Shi kuwa ya zama Alhaji, gemu ya yi fari, ba ya wuce sahun gaba. Da sallar bana muka je gaishe shi, na tarar ya tara yara yana ba su labarin yadda 'yan sandan China suka wuce ta gabansa ba su gan shi ba, saboda riƙon addu'a.

Na ce, "Kawu, a ina kake tsaye lokacin da suka wuce?"

Ya ja carbinsa, ya kalli gefe. "Wa zai tuna? Wani lungu ne dai."

Yaran suka ce Allahu Akbar. Ni kuwa na tashi na nemi takalmina.