Gwaggo Zulai, Kaka ta ƙi shan nawa

Ranar Talata 22 ga Afrilu 2025, muna tsakiyar darasin lissafi a lakol, aka leƙo ajinmu aka ce Fadila Hambali ta fito da jakarta. Ban tambayi dalili ba. Sai da na shawo kwanar gidanmu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zazzaune a kai. Allah da Ya ara mana Gwaggo Zulai Ya karɓi abinSa. An ce da hantsi ta faɗi a bakin randa, jininta ya hau, kafin a samo motar da za ta kai ta likita nan cikin Gazawa rai ya yi halinsa. Bayan azahar aka kai ta makwancinta. Shekarunta arba'in da bakwai. NaSa muke dukanmu, kuma wurinSa muka nufa.

Gwaggo, yau kwana goma sha tara. Kin san ni da nauyin baki. Duk jama'ar da suka zo gaisuwa ba wanda na iya ce wa abin da ya wuce amin, shi ya sa na ɗauko takarda. Akwai alherinki da nake so a sani. Akwai kuma laifin da na yi miki, wanda har yau ban faɗa wa kowa a gida ba.

Ga wanda bai san ta ba, Gwaggo Zulai ƙanwar babana ce. Da mijinta ya rasu a Gidan Rumji shekara shida da suka wuce, ɗanta Ridwanu ya so ta koma wurinsa Maraɗi ta huta. Ta ce masa ita ma tana da uwa. Ta dawo gida ta kama ɗakin da ke jikin na Kaka Kadi, mahaifiyarsu ita da Baba, daga ranar kuma wankan Kaka da wankinta da cinta suka koma hannunta.

Ba Kaka kaɗai kika riƙe ba, Gwaggo. Shekarar da na shiga kwalej, malaminmu ya aiko wa Baba cewa ina rubutu da kyau amma ba a jin abin da nake faɗa a aji. Baba ya yi faɗa. Ke ba ki yi ba. Kika ce kullum in na dawo in tsaya can bakin garken awaki in karanta miki darasina, ke kina bakin murhu. Ba kya jin Faransanci ko kalma ɗaya, amma kina jin murya.

"Mi kika ce? Ɗaga, 'yar lakol! Akuyar da ke gabanki ma ba ta ji ki ba."

Wata uku muna haka. Ranar da na fara amsa tambaya a aji da murya har malam ya ji ni, ke na fara gaya wa. Kika yi guɗa a tsakar gida kamar an yi haihuwa, har maƙwabta suka leƙo, ni kuwa na gudu ɗaki.

Kaka ta kusa shekara casa'in. Ba haƙori ko ɗaya a bakinta, idonta ya yi rauni, hankalinta kuma yana zuwa yana tafiya. Wani lokaci takan kira Baba da sunan wanta da ya rasu tun ba a haife ni ba. Shekara uku da suka wuce ta tashi rana ɗaya ta ƙi tuwo, ta ƙi fura, ta ƙi kunu. Ta ce duk ƙasa take ji a bakinta. Mako biyu ana lallashi, har aka fara kiran dangi a waya. Rannan kika gan ta ta ɗauki guntun biskit da wani jika ya yar a kan tabarmarta tana tsotsa. Nan take kika miƙe. Kika yafa mayafi kika tafi butik, kantin nan na bakin hanya, kika ce a juye miki gutsattsarin da ke taruwa a ƙasan kwali, wanda ba mai so.

Daga nan abin shan da muke kira farin Gwaggo ya samo asali. Sai kin jiƙa aya ta kwana, ki kai inji, ki tace da farin ƙyalle har sau biyu don kada ko tsaki ɗaya ya shaƙe Kaka. Biskit ɗin kuma ba a haka kike zuba shi ba. Kikan ɗora kasko busasshe a kan garwashi, ki juya gutsattsarin har ya yi ja, ƙanshinsa ya kai zaure. Sannan ki daka shi da kanumfari da dabinon da kika cire wa ƙwallo, ki zuba cikin ruwan ayar, ki sa madarar gari da ludayi ɗaya na kindirmo, ki kama maburgi ki yi ta burgawa har kumfa ta taso ta tsaya. In akwai wuta, a karɓo ƙanƙara gidan Malam Rashidu mai firigo. In babu, ki rufe kwanon ki sa shi cikin randa. Na ƙarshe, ki shafa zuma a bakin kofin Kaka ki kifa shi a kan garin biskit. Kin ce sai harshe ya yarda kafin ciki ya buɗe ƙofa. Kaka takan fara lasar bakin kofin, sai ta manta ta ce ba ta sha. Kofi biyu a rana, na hantsi da na la'asar, shi ya riƙe ta shekara uku.

Kuma ba ki taɓa yin daidai cikinta ba. Matar Malam Rashidu da ta haihu bakinta ya ƙi komai, kwana bakwai kina aika mata. Duk yaron unguwa da zazzaɓi ya kayar, uwarsa ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Ni kuwa tawa ce kumfar da ta rage a jikin kwano.

Bara na ɗauko littafina na bi ki ina rubutawa: aya gwangwanin tumatir biyu, biskit tafi biyu, kanumfari uku, dabino biyar, madara cokali huɗu. Kina kallona kina dariya.

"To malama, ƙanshin fa? Shi ma za ki sa masa lamba?"

Abu ɗaya ne ba ki yi dariya a kansa ba, shi ne turmin. Ƙaramin turmin kirya ne da kika zo da shi daga Gidan Rumji, tsawonsa bai kai gwiwata ba. Tun ranar da kika fara daka biskit a ciki ba abin da ya ƙara shiga sai biskit da kanumfari da dabino. Ruwa bai taɓa shi ba. Kikan goge shi da ƙyalle ki kife bayan ƙofar ɗakinki. Cikinsa ya yi santsi ya yi duhu, in mutum ya sa hanci sai ya ji kamar yanzu aka sauke kasko. Kin taɓa kama Innata za ta daka citta a ciki, kika ce, "Matar yaya, ki tambaye ni zanen da ke jikina in ba ki. Wannan kam a'a."

Ranar sadakar uku gidan ya cika. Manyan turame duk suna bakin aiki, ana dakan gero. Iya Tala, dattijuwar da ta zo daga Gangara, wadda Baba kansa yake durƙusa wa, ita ke kan tukunyar miya. Ta ɗago ta gan ni tsaye.

"Ke ɗiyar Hambali, gida kamar wannan ba ƙaramin turmi? Maza nemo mini, miya na jira."

Gwaggo, ba wani ne ya shiga ɗakinki ya ɗauko ba. Ni ce. Da ƙafata na je, na ɗaga shi daga bayan ƙofa, na kawo na ajiye a gabanta. Maganar tana bakina tun daga ɗaki har tsakar gida. Cewa kawai zan yi, Iya, wannan na Kaka ne, bari in aro a maƙwabta. Ba za ta ƙi ba, ba muguwa ba ce, ba ta dai sani ba. Amma mata sun fi talatin a wurin, duk manya, kuma an koya mini in babba ya aike ka ka tafi kawai. Na tsaya ina kallo ta zuba daddawa, ta zuba tafarnuwa da barkono da busasshen kifi. Har yamma ana daka a ciki, wannan ta gama ta miƙa wa waccan. Wata uku kika ɓata kina koya mini ɗaga murya, ranar da ake bukatarta ban same ta ba.

Kashegari baƙi suka ragu, na ce ni zan riƙa yi wa Kaka nata, tunda ni ke da shi a rubuce. Na wanke turmin da ruwan zafi da toka. Na bi littafina layi-layi, ban tsallake komai ba, har zumar bakin kofi. Kaka ta lasa, ta kurɓa sau ɗaya, ta riƙe a bakinta, sannan ta tofar a gefen tabarma.

"Wa ya sa mini miya a ciki? Wannan ba hannun Zulai ba ne. Ina take?"

An gaya mata tun ranar farko, ta yi kukanta. Ashe ya fita daga kanta. Ni kuma ban iya ƙarya ba, na ce, "Kaka, Gwaggo ai ta rasu." Ta ɗora hannu a ka ta yi kuka irin na wanda yanzu ya ji. Bayan kwana biyu ta sake tambaya, na sake faɗa, ta sake yin kukan daga farko. Baba ya kira ni zaure ya ce kada in ƙara. Yanzu in ta tambaya cewa muke kin tafi Maraɗi wurin Ridwanu.

Ba abin da ban yi wa turmin nan ba. Na cuɗa shi da yashi, na matsa lemon tsami, na daka dusa da gawayi a ciki na zubar, na shanya shi a rana kwana huɗu har bakinsa ya tsage. Warin daddawa ya ragu, bai fita ba. Ƙanshinki ne ya fita. Na ce wa Baba turmin ya lalace a hidimar baƙi, ban ce a hannun wa ba. Ya sa masassaƙi ya kawo sabo. Kaka ta kurɓi na sabon ta ce ɗanyen icce. Na murƙushe biskit da kwalba a kan faranti, ta ce ruwa ne fari. Innata ta gwada, matar Malam Rashidu ta gwada. Wani lokaci ina gaya wa kaina ko turmin yana nan lafiya ba za ta sha ba, hannunki take nema. Ban sani ba. Da na yi magana rannan da yanzu na sani.

Kaka ta rame har zoben azurfarta ya zame ya faɗi, na tsince shi a cikin bargo. Ma'aikacin likita ya zo sau biyu ya yi mata ƙarin ruwa. A zuwa na uku ya daɗe yana neman jijiya bai samu ba. Ya ce wa Baba abin da zai riƙe ta sai ta baki. Yau da la'asar na kai mata, ta karɓi kofin da hannu biyu. Ta shinshina. Ta miƙo mini abina.

"Ɗiyar nan, kin wahala, Allah Shi yi miki albarka. Amma ki ce ma Zulai ta bar aiko yara. Ta zo da kanta, ina jiran ta."

Na ce to.

Ya Allah, ga baiwarKa Zulai ta zo gare Ka. Ta shayar da uwarta shekara uku ba ta taɓa ɗaure fuska ba, Ka shayar da ita daga abin da ba a ƙishirwa bayansa. Ka yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka haɗa ta da mijinta a gidan rahama. Gwaggo, ki yafe mini. Da kina nan na san don ki lallashe ni za ki ce icce ne kawai, amma ba kya nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, wanda ya rasa ƙanwa kuma ba shi da wurin yin kuka. Ga Yaya Ridwanu da iyalinsa a Maraɗi. Ga dangin mijinta na Gidan Rumji da danginmu na Gangara, har da Iya Tala, wadda ta bar gidanta ta zo ta tsaya mana a kan wuta kwana uku, Allah Ya saka mata da alheri. Da duk matan unguwarmu da suka san hanyar ƙofarta. Allah Ya ba mu haƙurin da ba mu da shi.

Kaka kaɗai ce ba zan yi wa ta'aziyya ba, an hana ni. Jiya da safe mutanen unguwa suka zo za su kwance rumfar da aka kafa wa masu zaman makoki a ƙofar gida. Baba ya ce su dakata. Ya shiga ɗakin Kaka, ya jima, ya fito ya ce musu su bar ta a tsaye tukuna.

Allah, in lokacin ya yi, Ka sauƙaƙa mata.

Fadila Hambali, Gazawa