Takalmin da Na Tsinta a Gangaren Dutse

Mun tashi daga Funtua ana idar da sallar asuba, kekunanmu ɗaure a bayan a-kori-kura. Ɗan yayana ne da abokansa masu wasan hawan dutse da keke. Ni ba ɗan wasa ba ne. Uwarsa ce ta ce in bi su in sa ido, ni kuma ban iya cewa a'a ba. Kwana na yi ina tunanin birki.

A Bakori muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya girma. Daga nan muka bar kwalta muka bi hanyar burji, gonakin dawa hagu da dama, wasu an yanke an tsayar da karan. A ƙauyen da ke gindin dutsen na nace sai mun gaida mai unguwa. Samarin suka yi ta gunaguni, amma muka je. Ya saurare mu, ya ce dajin lafiya lau yake bana, mu dai dawo kafin la'asar.

Hanyar ta masu itace ce, siririya, tana ratsa marke da kaɗanya. Inda ta yi tsayi mu sauka mu tura, inda ta kwanta mu hau. Ni turawar ta fi yawa. Ƙananan ƙudaje suka dame mu, suna shiga ido da hanci, sai kowa ya ɗaure fuska da ƙyalle ƙarƙashin hular kwano. A saman dutsen iska mai sanyi, ga gonaki shimfiɗe har iyakar gani. Ban ji daɗinsu sosai ba, ina ta ƙirga kawunanmu.

Wajen saukowa samarin suka ce gangaren ɗaya ɓangaren ya fi daɗi. Na ce can ba a san da mu ba. Ɗan yayana ya ce, "Haba Baffa, dutse ɗaya ne fa." Kafin in amsa sun sulale.

Ina can baya na jiyo ihu. Mata ne masu roron wake a gonar da ke bakin daji. Sun ɗaga kai sun ga mutane rufe da fuska suna fitowa daga itatuwa da gudu, suka watsar da ƙwarya suka ruga. A zamanin nan ba wanda zai ga laifinsu. Da na iso gonar ba kowa, sai wani ɗan takalmin roba ja, ƙafa ɗaya, a kan kunya. Ban iya wuce abin mutane a yashe, na ɗauka na rataya a kan keke.

Ba mu kai gidajen farko ba 'yan sintiri suka tare mu da bindigogin toka. Aka ce mu zauna a ƙasa, mu cire ƙyallen. Muna cikin rantsuwa cewa mu ba ɓarayi ba ne, wani mai gemu ya tsaya cak, ya zuba wa kekena ido.

"Malam, takalmin 'yata ne wannan. Ina take?"

Matan duk sun iso gida, ban da yarinyar. Na dubi ɗan yayana, na tuna uwarsa. Na ce, "Wallahi tsintarsa na yi. Ku kai ni in nuna wurin."

Suka riƙe sauran, uban da mutum biyu suka tasa ni gaba. Ina tafe ina addu'a kada in ɓata kunyar. Na gane ta da ƙwaryar da ta kife kusa. Uban ya yi kira, shiru. Ya sake kira. Can muka ji tari a cikin karan dawa da aka tsayar. Ya yaye, ga ta tsugune, ta toshe baki da hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi. Uwarta ce ta koya mata, in an gudu ta ɓuya, kada ta amsa kiran kowa.

A ƙofar mai unguwar wannan ƙauyen muka sha faɗa, kuma mun cancanta. Wani tsoho ya ce bai taɓa jin ɓarayin daji a kan keke ba, aka ɗan yi dariya. Uban yarinyar bai yi ba. Muka koma gonar muka tsince waken da ya zube, sannan suka kawo mana fura.

Mun iso Funtua bayan magariba, na miƙa wa matar yayana ɗanta lafiya. Abin da na koyo shi ne, in za ka hau dutse, ka yi sallama a inda za ka hau, ka aika a sanar da inda za ka sauka, kuma ka bar fuskarka a buɗe ko ƙuda zai cinye ta. Samarin har sun fara maganar komawa. Ni har yau in na rufe ido yarinyar nan nake gani cikin kara, tana jin muryar ubanta tana tsoron amsawa.